Rim ɗin Beljiyom da na sa wa Corolla: fuska tas, baya walda

Maganar gaskiya rim ɗin suna da kyau. Guda huɗu na saya, na alminiyon, inci 16, haɗe da tayoyinsu, a shagon wani mai kayan Beljiyom a Ƙofar Ruwa, na cire na ƙarfe inci 15 da ke jikin Corolla 2007 ɗina. Kuɗin kuwa kun san inda ya kai yanzu, ba sai na faɗa ba. Ramukan noti sun hau daram, 5x100 ne irin na motar, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 100, ba 5x114.3 na Camry da Accord da wasu ke neman cusa wa mutum ba. Motar ta yi kwarjini, har maƙwabci ya tambaye ni ko canjawa na yi. A nan dai mai shagon ya ci yabo.

Murnar ba ta yi nisa ba. Ina hawa titin Zariya na ɗan taka, sai sitiyari ya kama rawa, motar tana ja hagu. Kullum da safe kuma tayar gaba ta dama ta rage iska. An yi balansin, an yi alaimen, kuɗi sun tafi, ciwo yana nan.

Wani dattijo mai faci a unguwarmu ne ya gano bakin zaren. Bai ko kalli fuskar rim ɗin ba, kwance su ya yi duka ya kife a ƙasa, ya goge bayansu da tsumma ya ce, "Alhaji, karanta da kanka." Uku an rubuta 16x6.5J, wato girma inci 16 faɗi inci 6.5, da ET45, da tambarin JWL na gwajin ingancin Japan. Na huɗun 16x7J ne, ET35, babu tambarin komai. Zanen fuskarsu iri ɗaya sak, amma ba 'yan gida ɗaya ba ne. Lambar ET ita ke nuna yadda rim zai zauna a jikin mota, tana raguwa yana ƙara leƙowa waje. Ga ragin milimita 10, ga ƙarin faɗin rabin inci, wato wannan ƙafar ta fi 'yar'uwarta fitowa da kusan milimita 16. Da ya zuba ruwan omo a gefen ciki sai ga kumfa yana tashi. Tsagewa ce aka yi wa walda, aka goge, aka fesa fenti a kai. Idan ka shafa da yatsa za ka ji tudun.

Wannan waldar ita ta fi ƙona mini rai. Rim ɗin da ya taɓa tsagewa aka ɓoye da fenti, a ƙafar gaba, ni kuma ina ɗaukar iyali in hau babban titi da shi. Rami ɗaya mai kyau ya isa ya sake buɗe shi.

Sai batun tayoyi. Uku 205/55 R16 ne, wanda tsayinsa kusan milimita 632 ne, dab da 195/65 R15 ɗin da na cire mai kusan 635, don haka maleji ba zai yi ƙarya ba. Wadda ke kan rim ɗin waldar kuwa 205/60 R16 ce, kusan milimita 652. Bambancin santimita 2 ke nan tsakanin dama da hagu, a gaba, a motar da ke ja da ƙafafun gaba. Kamar mutum ya sa takalmi mai tudu a ƙafa ɗaya, silifas a ɗayar. Ina mota za ta tafi saiti? Lambar haihuwarta ma 2314 ce, mako na 23 na shekarar 2014, an shafe ta da man ƙyalli tana sheƙi kamar sabuwa.

Da na koma shagon, abin da ya fara ce mini shi ne, "Ranka ya daɗe, ai duk 16 ne." Inci 16 ɗin girman rim ne kawai, ina lambar tsakiya, 55 ko 60, mai nuna tsayin gefen taya? Bayan doguwar jayayya ya canja tayar da 205/55, ya kuma biya kuɗin ɗaurawa, har na fara cewa a raina mutumin yana da dama-dama. Muna zuwa kan rim sai ya murje ido, wai haka ya fito daga kwantena, wai walda ba aibi ba ce, kowa da irinsa yake yawo a gari. To idan ba aibi ba ce, me ya kawo fenti a kanta?

Ba zan ce a guji rim ɗin Beljiyom ba, don ukun nan lafiyarsu ƙalau, sun fi sababbin kwaikwayo da ke lanƙwashewa a rami na farko. Amma shagon nan ni da shi har abada. Duk mai zuwa saye ya sa a kife masa su huɗun a gabansa, ya karanta faɗi da ET da tambari ɗaya bayan ɗaya, ya bi gefen ciki da yatsa, ya duba lambobin kowace taya, kafin kuɗi su bar aljihunsa.

Yanzu na mayar da tsofaffin na ƙarfe biyu a baya, masu kyau biyu suna gaba, ɗaya yana ajiye. Ina cigiyar 16x6.5J, ET45, 5x100 guda ɗaya mai irin zanen. Na waldar kuma ko a matsayin safaya ban yarda da shi ba, 'yan gwangwan zan ba.