Cibiyar tamowa da ta ceto min jikata

Ni kaka ce, a unguwar Mabera ta Sakkwato nake zaune. Bayan yaye jikata ta kama gudawa, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, gashinta ya yi ja. Mun yi jiƙe-jiƙe, ba sauƙi. Wata maƙwabciyata ce ta ce, "Inna, tamowa ce, ki kai ta asibitin sha-ka-tafi ranar awo." A nan wata ƙungiyar agaji take duba yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5, kyauta.

Ma'aikaciyar ta ɗaura mata wani ɗan tef mai launi uku a damtse. Ya tsaya a ja, wato kaurin damtsen ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Ta danna bayan ƙafafunta da babban yatsa ta ga ko akwai kumburi, sannan ta yaga leda ɗaya ta Plumpy'Nut ta ce a gwada ko za ta ci. Yarinyar da ke kau da kai daga kunu, sai ga ta tana lasar ledar. Hawaye suka zubo min.

Abin nan tamkar tunkuza ne mai laushi: gyaɗa, garin madara, sukari, mai da sinadaran gina jiki, giram 92 a kowace leda. Ba dafawa, ba damawa, sai dai a ajiye ruwa mai tsabta kusa domin yana sa ƙishirwa. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, amma gyaɗar nan tamu ce tushensa. Duk mako muke komawa a auna ta, a ba mu na kwana bakwai. A mako na bakwai tef ya kai kore, alamar ta murmure.

Ba su taɓa karɓar ko sisi ba, ba su kuma hantare ni ba. Inda suka gaza shi ne layi. Mata da goyo tun bayan asuba har azahar, rumfa ɗaya tak a zafin Sakkwato, ba randar ruwa. Sau ɗaya kuma kaya suka ƙare, muka dawo hannu rabbana.

Abin da ya fi ƙona min rai ba laifinsu ba ne: na ga ledojin nan a tiren mai talla a kasuwa. Magani ne fa, an ƙidaya shi daidai nauyin yaro ɗaya. Ni a cikin adakata nake kulle namu, don yayyenta ma so suke.

Jiya ta bi su da gudu har bakin zaure.