Tsagewar ƙarfen bugu da bambancin asali a dalar Morgan

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya game da dalar Morgan (tsohuwar dalar azurfa ta Amurka) ta 1888 mai alamar O, wato wadda aka buga a New Orleans, wadda ya ga wani siririn layi a kuncin hoton macen da ke jikinta, yana son ya san ko tsaga ce ko nau'i na musamman, wato bambancin asali, da kuma wanne ya fi daraja. Malam, abubuwa biyu ne daban, kuma lokacin da kowannensu ya samu ƙarfen bugu, wato ƙarfen da ke ɗauke da zanen da ake dannawa a kan dala, shi ne ya raba su.

Bambancin asali yana shiga ƙarfen ne tun wajen haɗa shi, saboda haka duk dalar da aka buga da shi, daga ta farko har ta ƙarshe, tana ɗauke da shi ba tare da ya canza ba. A 1878, shekarar da aka fara buga wannan dala a Amurka, wutsiyar gaggafar da ke bayan dalar tana da gashi 8, daga baya aka mayar da shi 7, kuma da yake an danna sabon zanen a kan wasu tsofaffin ƙarafa, ana hango bakin tsohon gashin a ƙarƙashin sabon. Haka nan dalar 1900 ta New Orleans, wadda a wasunta ake ganin ragowar CC, alamar Carson City, a ƙarƙashin O, domin an yi amfani da ƙarafan da suka rage daga Carson City bayan an daina buga kuɗi a can a 1893.

Tsaga kuwa gajiyar ƙarfe ce. Yawan bugu yana sa ƙarfen ya dare, azurfa ta cusa cikin darewar, sai layin ya fito a tashe a kan dalar, yana karkacewa, galibi daga baki zuwa ciki ko ta tsakanin haruffa. Tana ƙaruwa da ci gaban aiki, shi ya sa za a sami dala biyu daga ƙarfe ɗaya, ɗaya da ɗan layi, ɗaya da tsaga mai kauri. Idan layin ya nutse ciki, to karce ne da ya same ta daga baya, kuma rage mata daraja yake yi. Gilashi mai ƙara girma sau 10 da haske daga gefe sun isa a tantance wannan.

A ganina bambancin asali ya fi cancantar kuɗin mai saye, domin ƙananan tsage sun yi yawa a dalolin Morgan kuma akasarinsu ba sa ƙara komai. Sai dai taka tana buƙatar duba na tsanaki, saboda a dalar 1888 ta New Orleans akwai shahararriyar tsaga da ake kira Scarface, mai lamba VAM-1B a kundin Leroy Van Allen da A. George Mallis, wadda ta taso daga bakin dalar ta ratsa hanci da kunci, kuma masu tarawa suna nemanta ruwa a jallo idan tsagar ta kai matakin ƙarshe na girmanta. Ka gwada hanyar da layinka ya bi da hoton wannan lamba, kuma don Allah kada ka goge dalar ko ka wanke ta kafin nan.