Tiyatar Rage Tumbi ko Gyaran Abinci: Wanne Ya Dace da Mai Neman Rage Ƙiba?

'Yan'uwanmu mazauna Jidda da Makka sun yawaita tambayata ko su yi tiyatar rage tumbi, wadda ta zama ruwan dare a Saudiyya, ko su dage kan gyaran abinci da tattaki.

Ta fuskar kuɗi, tiyata tana cin dubban riyal, kuma ba kowace inshora ce take biya ba. Gyaran abinci kuwa sauƙi ma yake kawo wa aljihu, tunda a 2017 aka ɗora harajin kashi 50 cikin 100 kan lemon kwalba, wanda mai gyaran abinci yake daina saya.

Wajen sauri tiyata ce kan gaba, domin likita yana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, sai mutum ya riƙa ƙoshi da 'yar loma. Sai dai abin da aka yanke ba ya dawowa, ɗinkin yana iya yoyo ko zubar da jini, sannan za a riƙa shan bitamin, musamman B12, har ƙarshen rayuwa. Abin da ya fi damuna shi ne, wanda bai sauya halin cinsa ba, ƙibar tana iya dawo masa bayan shekaru.

Gyaran abinci haɗarinsa kaɗan ne, amma yana buƙatar haƙuri a ƙasar da kabsa da mandi (nau'o'in shinkafa da nama) ba sa yankewa a walima, zafi kuma yake hana fita sai bayan Isha'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako.

Tiyata ta fi dacewa da wanda ƙibarsa ta yi tsanani, musamman idan ta haɗu da ciwon suga, bayan likita ya auna shi. Mai matsakaiciyar ƙiba da gwiwoyinsa ke ɗaukarsa, gyaran abinci da tattaki sun fi masa.