Ranar da na ɓarar da gahawar dala shida a Seattle

Watana biyu a birnin Seattle na Amurka abin ya faru. Safiya ce irin tasu, yayyafin da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki. Na faɗa wani shagon gahawa kusa da tashar bas, cikin masu rassan nan a kowace kwana, ba zan kama suna ba. Na ce wa yarinyar da ke kan kanta ta ba ni gahawa da madara. Ai kuwa sai ta rufe ni da tambayoyi kamar na je neman biza: ƙarami ko babba, mai zafi ko mai ƙanƙara, madarar shanu ko ta waken suya, a nan zan sha ko tafiya zan yi da shi, kuma yaya sunana. Abin da ta rubuta a jikin kofin, ko gyatumata ba za ta gane ɗanta ake nufi ba. Na biya dala shida da 'yan kai, na'urar kuma ta juyo tana neman tukuici, alhali ko kurɓa ban yi ba.

Ina juyawa, lema a hannu, jaka a kafaɗa, sai kofin ya suɓuce. Murfin ya yi gefe, gahawa ta malale har ƙarƙashin takalman mutane. Na tsaya kamar an dasa ni, kaina yana juya dala shidan nan zuwa naira. Jira nake a fara wanke ni da faɗa. Sai ga wani yaro da abin goge ƙasa yana tambaya ko na ƙone. Kafin in gama ba da haƙuri yarinyar ta miƙo mini wani kofin. Na zaro kati, ta ɗaga hannu ta ce in bar shi. Ba ta kira manaja ba, ba ta ko ɓata rai ba, ta koma kan na bayana.

Wallahi kunyar kyautar ta fi ta ɓarin. Kwana da kwanaki abin yana cina. Wa ya ba ma'aikaciya izinin yin kyauta da kayan maigida? A wajenmu, in ka zubar da lemo a gidan abinci, yaron zai tsaya a kanka sai ka biya na biyu, kuma ban ga laifinsa ba, ya san daga albashinsa za a zare.

Amsar tana cikin garin nan, don a nan Starbucks, babban kamfanin shagunan gahawa, ya samo asali. Wata Asabar na je kasuwar Pike Place, na tarar da dogon layin baƙi a ƙofar ɗan shagon da ake cewa shi ne na farko. Ba ma shi ba ne: a 1971 a titin Western aka buɗe na farkon, bayan 'yan shekaru suka dawo nan. Mutum uku ne, Jerry Baldwin da Zev Siegl, malaman makaranta, da Gordon Bowker, marubuci. Kuma ba dafaffiya suke sayarwa ba. Ƙwayar gahawa gasasshiya ce, ka saya ka je gida ka niƙa abarka. Sana'ar ma koyo suka yi wurin Alfred Peet, mutumin Holan da ya buɗe shagonsa a Berkeley a 1966, lokacin Amurkawa gahawar gwangwani suke sha, tsararo kamar ruwan wankin kwano.

Howard Schultz shi ya juya akalar. An ɗauke shi aiki a 1982, shekara ta zagayo ya je Milan a Italiya. A can ya ga mutane a tsaye bakin kanta suna kurɓa suna hira, mai haɗawa yana kiran kowa da sunansa. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai. Mutum ya tsallaka teku don ya gano teburin mai shayi! Ya dawo da zumuɗi, iyayen gidansa suka ce su 'yan ƙwaya ne, ba masu gidan abinci ba. Ya fita ya buɗe nasa, Il Giornale, ya tara masu zuba jari, a 1987 ya dawo ya saye kamfanin kacokan a kan dala miliyan 3.8. A 1992 aka sa shi a kasuwar hannun jari, rassa ba su kai 200 ba. A 1996 suka buɗe a Tokyo, a 1999 a Beijing. Yau sun haura 35,000. Haka Costa na Ingila: 'yan'uwa biyu 'yan Italiya suka fara gasa ƙwaya a Landan a 1971, sai da babban kamfani ya saye a 1995 ya bazu, daga baya Coca-Cola ta karɓa a kan fam biliyan 3.9.

Amma ni ba yawan rassan ne ya tsaya mini ba. Tun 1988 Schultz ya sa masu aikin rabin rana cikin inshorar lafiya, a ƙasar da jinyar kwana ɗaya kan karya magidanci. A Fabrairun 2008 kuma, da ciniki ya ja baya, suka rufe rassa sama da 7,000 a Amurka na 'yan sa'o'i, don kawai a sake koya wa ma'aikata haɗa gahawa daidai. Sauran masu rassa da yawa wannan hanyar suka bi: komai a aune, kuma yarinyar kan kanta ta san kofi ɗaya bai kai darajar in dawo gobe ba.

Mu fa? Mai shayin unguwarmu shekara ashirin ke nan a kan tebur ɗaya, hannunsa da albarka, amma ranar da ya je ƙauye ya bar wa yaronsa, shayin ya zama wani abu dabam. Ya taɓa buɗe tebur na biyu a bakin tasha, wata uku ya naɗe, wai yaron yana tsinka madara da ruwa. Shi kuma me yake ba yaron? Abincin rana da "Allah ya yi albarka". Ba ma'auni sai na ido, ba littafi sai na bashi. Ga gahawa da ganyen shayi suna fitowa a tsaunin Mambila, mu kuwa gwangwani muke jira daga Legas.

To amma kada in cika baki da yabo. Ba ko'ina suka ci kasuwa ba: a Ostareliya, inda mutane suka riga suka saba da ƙananan shagunansu, a 2008 sai da Starbucks ya rufe yawancin rassansa. Na fahimci mutanen can. Hirar da Schultz ya gani a Milan ban same ta a nan ba. Na taɓa zama awa uku a wani shagon, kowa ya toshe kunne ya duƙufa a kwamfuta, ko sannu ba wanda ya ce mini. Babu rediyo, babu musun ƙwallo, babu mai cewa "Malam, haɗa masa kauri, a kaina." Bashi kuwa kada ma ka soma.

Jiya na samo madarar gwangwani da Bournvita a shagon 'yan Afirka. Na ɗora ruwa, na ɗauko kofuna biyu, na ce bari in sheƙa shi daga sama yadda ake yi a gida. Rabi ya tafi ƙasa. Ni na ɗauko tsumma na goge, na shanye ragowar a tsaye ina kallon yayyafi.