Yadda ta kaya wajen sa yarona a firamaren gwamnati a Nyanya

Jama'a makon jiya na kai ɗana wata firamaren gwamnati a Nyanya da ke Abuja, tunda muka taso daga Kano yaron na zaune a gida kusan wata biyu. Gaskiya malamar rijista ta karɓe mu da fara'a, "Maman Abba bismillah zauna" har kujera ta jawo min. Ta nemi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, hoton fasfo biyu, da takardar canjin makaranta daga inda ya baro. Ni dama fargabata a ce sai takardar ɗan asalin gari, ko a ce ai Mararaba muke zaune can Nasarawa ce ba Abuja ba, amma ko a jikinta, adireshi kawai ta rubuta da lambar wayata.

Inda raina ya ɗan sosu maganar kuɗi ce. Ai dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 cewa ta yi daga aji 1 na firamare har JSS 3, shekara 9 kenan, kyauta ne kuma dole. To kuɗin makaranta kam ba a karɓa ba, amma ga kuɗin PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ga yunifom, ga tsintsiya da omo da aka ce in kawo, sai da jakata ta ji a jikinta, rasit ɗin PTA ma sai da na nace. Aji kuwa cike maƙil, na leƙa ta taga yara huɗu a benci ɗaya wasu a ƙasa. Mai zuwa ya yi sammako, sha ɗaya na yi malamar ta shige aji sai dai gobe.