Zeitz MOCAA: rumbun masarar da ya koma gidan kayan fasaha

Asalinsa rumbun hatsi ne. An gama shi a 1924 a bakin tashar jiragen ruwan Cape Town a Afirka ta Kudu, ana tara masarar da za a fitar ƙetare, har aka rufe shi a 2001. Masu unguwar V&A Waterfront, inda rumbun yake, suka kashe rand miliyan 500 wajen gyara, Jochen Zeitz, Bajamushe tsohon shugaban kamfanin Puma, ya kawo kayan fasahar da ya tara, aka buɗe shi a Satumbar 2017 da sunan Zeitz MOCAA, wato gidan kayan fasahar Afirka na zamani. Manufar ita ce ayyukan masu fasahar Afirka na wannan ƙarni, na gida da na waje, su samu mazauni a nahiyar, ba sai an je Landan ko Faris a gan su ba.

Ginin ne ke fara sace ido. Rumbuna 42 ne na kankare a tsaye, manne da juna. Mai zanen gini Thomas Heatherwick ya ɗauki siffar ƙwayar masara guda, ya girmama ta, aka rarake tsakiyar rumbunan a kanta, aka samu katafaren falo. Tsohon bangon siriri ne, ba zai jure yanka ba, sai da aka yi masa ninki da sabon kankare ta ciki. Matsa kusa da bakin yankan, za ka ga layi biyu: tsoho mai tsakuwa, sabo mai haske.

Matsalar tana ɗakunan nuni. Kusan 80 ne, galibi ƙanana, farare fat, babu taga, don haka baƙo kan rasa gabas da yamma, ya maimaita ɗaki bai sani ba. Bayan wancan falo, sai su zama kamar an fito daga fada an shiga shago. Kuma kayan Zeitz aro ne, ba mallakar gidan ba, wanda ba ƙaramin rauni ba ne ga wurin da ke son ɗorewa. Marigayiya Koyo Kouoh, 'yar Kamaru da ta karɓi shugabanci a 2019, ta gyara tafiyar sosai da ta fi ba wa mai fasaha ɗaya fili a ga aikinsa daga tushe.

Ya cancanci awa uku. Hau lif zuwa sama tukuna, ka sauko ta matakala mai murɗe, ba za ka ɓata ba. Waɗanda ba su kai shekara 18 ba kyauta suke shiga, haka 'yan Afirka da safiyar Laraba, amma sai ka riƙe fasfonka, don za a duba a ƙofa.