YZ ɗin Sabon Gari da DT ɗin Samaru: Wanne Ne Na Asali, Wanne Ya Ci Kuɗinsa?

Malam, na karanta tambayar da ka ajiye a zauren nan, na kuma yi ta maimaita kallon hotunan da ka haɗo da ita kafin in ce komai. An nuna maka tsofaffin baburan Yamaha guda biyu, irin masu dogayen ƙafafun nan da ake shiga daji da su. Dukansu a nan Zariya suke. Na farko yana Sabon Gari, ya sha sabon fenti ruwan ɗorawa da baƙi, an ɗaura masa birkin faifai da sababbin shokozoba a gaba, mai shi kuma ya ce YZ125 ne na 1979, wato babur ɗin tsere na gaske. Na biyu yana Samaru, DT175 ne da rana ta cinye wa fenti, an sauya masa kafireto da kai da rigar kujera, amma mai shi ya adana tsofaffin a cikin buhu. Kuɗin da aka yanka wa na farko ya kusa ninka na biyu, kai kuwa kana son sanin wanne ne na asali, da kuma ko irin waɗannan gyare-gyare ƙara wa babur daraja suke yi ko rage masa.

Sai an fara raba YZ da DT kafin a yi maganar kuɗi, domin a nan ne yawancin masu saye a wajenmu suke faɗawa rami. Yamaha ta fito da DT-1 a 1968 a matsayin babur mai hawa kwalta ya kuma sauka turɓaya, shi ya sa duk zuriyarsa take zuwa da fitila da makulli da mita da wurin ɗaura lamba. YZ kuwa ya shiga kasuwa a 1974, kuma ba don titi aka ƙera shi ba, an yi shi ne don motokuros, tseren da ake yi a killataccen fili mai tuddai da kwari da laka, saboda haka ba shi da fitila, ba shi da makulli, ba shi da mita. Dukansu injinsu mai bugu biyu ne, wanda yake ƙona baƙin mai tare da fetur, sai dai DT yana da ɗan tankin mai daban da famfon da ake kira Autolube mai aika man gwargwadon yadda aka murɗa totur, shi kuwa YZ mahayinsa ne yake gauraya man da fetur a jarka kafin ya zuba. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne, zuwa ƙarshen shekarun 1970 dukansu biyun suna da shokozoba guda ɗaya a baya wadda ta shige ƙarƙashin tanki, tsarin da Håkan Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya ci gasar motokuros ta duniya ta ajin injin cc 250 da shi a 1973, kamfanin kuma ya sa shi a YZ na sayarwa daga 1975. Saboda wannan kamanni, mai fenti da mai walda za su iya mai da DT ya zama YZ a ido cikin kwana biyu.

A hoto na uku na babur ɗin Sabon Gari, wanda aka ɗauka daga gefen dama, akwai ɗan murfi a gaban kwanon kuloc, ga kuma ƙaramin rami a samansa da aka toshe da wani abu baƙi. Wannan mazaunin famfon mai ne, ramin kuma hanyar wayarsa ce, injin YZ125 kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. A ƙasan kujera ma na hango wurare biyu da fenti ya yi tudu kamar an goge kunnuwan ƙarfe, daidai inda DT yake riƙe tankin mai da batir. Birkin faifan da mai shi yake alfahari da shi bai zo wa YZ ba sai a 1985. Na 1979 birkinsa na cikin cibiyar ƙafa ne, mai shu da waya. Fentin ruwan ɗorawa da baƙi ya yi daidai da YZ ɗin da aka sayar a Amurka a wancan zamani, to amma fenti shi ne abu mafi arha a jikin babur, kuma ba ya ba da shaidar komai. Shi babur ɗin Samaru bai yi da'awar zama abin da ba shi ba ne: fitilarsa tana nan, mitarsa tana nan, tankin man yana inda kamfani ya sa shi.

Duk da haka hoto ba ya yanke hukunci, lamba ce take yankewa. Ana buga lambar firam a wuyan babur, inda kai yake juyawa, ta inji kuma a jikin kwanon injin. A baburan Yamaha na shekarun 1970 lambobin nan biyu iri ɗaya suke fitowa daga kamfani, kuma haruffa da alƙaluma uku na farko su ne suke faɗin samfurin, ana iya bincika ma'anarsu a intanet cikin minti kaɗan. Wannan awo ya hau kan babur ɗin Samaru kamar yadda ya hau kan ɗan'uwansa, domin an ci gaba da ƙera DT175 shekaru masu yawa saboda kasuwannin Afirka da Kudancin Amurka ba tare da wani babban sauyin siffa ba, don haka wanda yake kama da na 1979 yana iya zama na shekarun 1990. Idan ka tarar da lamba mai gurbi 17, to babur ɗin ba na shekarun 1970 ba ne, domin wannan tsari daga 1981 ya fara.

Ina matsa wa maganar lamba ne saboda na taɓa ɗanɗanawa. Shekarun baya na sayi wani Suzuki TS185 a nan garin, yana sheƙi kamar ango, sai da na kai shi gida na lura fentin wuyansa ya fi na ko'ina kauri. Na jiƙa tsumma da tina na goga, sai ga sawun giranda a kwance ƙarƙashin fentin, alƙaluman kuma ba su tsaya a layi ɗaya ba, wani takwas ya nutse fiye da sauran, wani uku ya karkace kamar zai faɗi. Bugun kamfani zurfinsa ɗaya ne, tazararsa ɗaya. Na yi makonni ina zarya da shaidu kafin in karɓi wani ɓangare na kuɗina, kuma na gode Allah da abin bai kai ni ofishin 'yan sanda a matsayin mai riƙe da kayan sata ba.

Game da gyare-gyare, abin da nake dubawa shi ne da wane makami aka yi su. Gyaran da aka yi da sufana, sufana za ta warware shi. Kafireto da kai da rigar kujerar babur ɗin Samaru duk irin wannan ne, tunda kuma tsofaffin suna cikin buhu, bakanike zai mayar da su a wuni ɗaya, saboda haka ba su rage wa babur ɗin komai ba, da sharaɗin buhun ya biyo shi cikin ciniki. Akwai ma kayan ƙari da masu tara tsofaffin babura suke so, wato waɗanda 'yan tseren wancan zamani suka riƙa sawa da kansu, kamar salansar FMF, kamfanin da aka kafa a 1973, ko shokozobar Fox ko ta Öhlins, muddin shekarunsu sun dace da na babur ɗin. Gyaran da aka yi da zarto da walda kuwa ba ya komawa. Kafin gaban wani babur na zamani ya zauna a kan tsohon firam, sau da yawa sai an taɓa sandar wuya, tsayin gaban kuma yana canzawa, wanda yake sauya yadda babur yake shan kwana da yadda yake tsayuwa idan ya dira daga tudu. Birkin faifai ya fi na shu kamawa, wannan gaskiya ce, kuma ba zan hana mai shi wannan yabo ba. Amma idan ya fara lissafo maka abin da ya kashe wajen fenti da walda da sababbin robobi, ka tuna cewa ya kashe su ne don biyan sha'awar kansa, kuma rabinsu an kashe su ne wajen cire abubuwan da da su ake gane asalin babur ɗin.

Na tabbata za a nuna maka farashin gwanjon ƙasashen waje a waya, a ce ka ga abin da YZ yake yi a Amurka. Yana da kyau ka san inda wannan farashi ya samo tushe. A can akwai ƙungiyoyi masu shirya tseren tsofaffin babura, irin su AHRMA, wadda ajinta na tsofaffi yake karɓar baburan 1974 zuwa baya, ta kuma ƙayyade cewa motsin shokozoba kada ya wuce inci 7 a gaba da inci 4 a baya, sannan na bayan wannan shekara suna da nasu azuzuwan da nasu sharuɗɗa. Babur ɗin da aka ɗaura wa gaban zamani ya fita daga ajinsa, masu neman sa sun ragu, kuɗinsa ya faɗi. Wato a kasuwar da mai sayarwa yake kafa hujja da ita, gyaran da ya yi shi ne abin da zai karya masa farashi. A Zariya kuwa ba mu da wannan tsere, ba mu da waɗannan masu saye. Muna da dattawa masu riƙon Vespa kamar ɗan fari, da 'yan tsirarun masu sha'awar tsofaffin Honda, amma ranar da ka tashi sayar da babur mai dogayen ƙafafu, wanda zai taya shi manomi ne ko matashi mai son hawa, kuma tambayarsa ita ce ko yana tashi da kik ɗaya.

Ta fuskar amfani ma, ko da na Sabon Gari ya tabbata YZ ne gangariya, ba abin hawan yau da kullum ba ne. Injinsa mai cc 123 ba ya nuna ƙarfi sai an kai shi sama, sa'annan ya zo da shi gaba ɗaya kamar dokin da aka zabura, fistin da ringinsa da awoyin aiki ake ƙirga rayuwarsu, kayan gyaransa kuma sai an yi odarsu da dala. Ga shi babu fitila babu lamba, a jihar Kaduna da aka taɓa hana hawan babur gaba ɗaya a 2021 saboda matsalar tsaro, inda irin wannan babur zai iya jan idon jami'ai a shinge. DT175 mai cc 171 yana da haƙuri, yana ja tun daga ƙasa, irinsa ne malaman gona suka riƙa ratsa ƙauyuka da su tun zamanin shirye-shiryen raya noma irin na Funtuwa da aka fara a tsakiyar shekarun 1970. Zai kai ka gindin dutsen Kufena, zai kai ka gona ta wajen Shika ko Giwa da damina, kuma saboda daɗewar da aka yi ana ƙera shi, ana iya dacewa da kayansa a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Inda na Samaru zai iya ba ka kunya shi ne cikin inji, wanda hoto bai nuna ba. Ka je da bakanikenka da safe, ka roƙi mai shi kada ya tayar da shi kafin ku iso, ka kuma dafa injin da hannunka ka tabbatar da sanyinsa. A buɗe kan silinda a goge saman fistin: idan an buga 0.25 ko 0.50, akwai sauran borin a gaba, wato za a iya sake faɗaɗa ramin silindar, idan kuwa 1.00 ne, to an kusa cinye bangon, gyara na gaba mai tsada ne. A tabbatar famfon mai yana aiki, domin da yawa an kashe shi an koma gauraya a tanki, wanda bai sani ba kuma ya zuba fetur zalla ya ƙona inji kafin ya kai Kwangila. Babur mai bugu biyu da ya daɗe a ajiye robobin gefen kiranshaf ɗinsa sukan bushe su riƙa shan iska, alamarsa ita ce injin ya ƙi sauka idan an saki totur. A haska cikin tanki da tocila a duba tsatsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalili ne na rage tayi, amma babu wanda ya isa ya hana ciniki.

Da ni ne, Samaru zan nufa. Na Sabon Gari, idan lambarsa ta nuna DT ne, to DT ne da aka yanke wa gaɓoɓi, kuma bai kai kuɗin na Samaru ba balle ninkinsa. Idan firam ɗin ya fito YZ amma injin DT ne, haɗin gambiza ke nan, sai a taya shi a kuɗin kayan da ke jikinsa. Idan kuwa lambobin biyu suka zo ɗaya suka kuma ce YZ, to idona ne ya yi kuskure, sai ka tambayi mai shi inda ya kai gaban asali da ƙafarsa, mu sake zama. Ko wanne ka ɗauka, a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar firam da ta inji, da shaidu biyu, da sharaɗin mayarwa idan wani ɓoyayyen aibi ya bayyana, a kuma haɗa maka da rasit ko takardun da suka rage. Kafin nan kada ka yi cinikin biri a sama: ka sa a goge wuyan kowane babur da jikin injinsa, a shafa alli a kan alƙaluman don su fito sarai, ka ɗauko hotuna huɗun da rana ka turo mana nan.